Sabunta Manhajar Tushe ta Ƙaramin Majigi Mai Araha

Ƙaramin majigi na zamani, irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya a haska fim ko darasi a jikin bango, kwamfuta ce ƙarama da aka haɗa ta da fitila. A cikinsa akwai fitilar LED mai ƙarfi, da siririn gilashi nau'in LCD wanda hoto ke bayyana a kansa kafin haske ya ratsa shi ya fita ta ruwan tabarau, da fanka mai fitar da zafi, da kuma allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel, inda ƙwaƙwalwar na'urar da ma'adanarta suke. Abin da ke sa waɗannan sassa su yi aiki tare shi ne manhajar tushe, wato manhajar da masana'anta ta rubuta a cikin ma'adanar na'urar tun kafin ta shigo kasuwa, wadda ita ce ke tashi da zarar an danna makunni, ta kunna fitila, ta tayar da fanka, ta fahimci saƙon da rimot ya aiko, ta kuma gaya wa gilashin ta gefen da zai fara zana hoto. A takardun masu sayarwa da kuma a allon na'urar, sunan da za a gani shi ne firmware. Ta bambanta da manhajojin da mai na'ura ke saukewa da kansa, irin su YouTube ko VLC, domin waɗannan a kanta suke zaune. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace sai a goge ta a sake saukewa, amma idan ta tushen ce ta lalace, majigin ba zai ma kai ga nuna shafin da za a yi gyaran ba.

Majigi masu araha kashi biyu ne ta wannan fuska. Akwai marasa Android, irin su YG300, waɗanda aikinsu bai wuce karɓar hoto ta HDMI ko karanta fim daga filas ba, kuma manhajarsu ƙarama ce da ba kasafai ake sabunta ta ba. Akwai kuma masu Android, irin su HY300 da HY320, waɗanda suka cika shagunan intanet a 'yan shekarun nan, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da ƙwaƙwalwa mai lamba H713 ta kamfanin Allwinner da ke birnin Zhuhai a ƙasar Sin, da Android 11, da ma'adanar wucin gadi ta gigabait 1, da ma'adanar dindindin ta gigabait 8. A irin waɗannan ne maganar sabuntawa ta fi tasowa, domin a cikinsu ne ake yawan samun matsalolin da tushensu manhaja ce.

Kafin a taɓa komai, ya kamata mai na'ura ya iya faɗin matsalar da yake son magancewa da baki, domin sabuntawa magani ce mai haɗari, kuma majigin da ke aiki lafiya ba ya bukatarta. Daga cikin abubuwan da sabuwar manhaja ke iya gyarawa akwai yawan yankewar Wi-Fi, da sautin da ke zuwa bayan motsin bakin mai magana idan an haɗa sifika ta Bluetooth, da ƙin karɓar hoton waya idan ana son haska shi ba tare da kebul ba, da daskarewar shafin farko, da kuma kuskuren tsarin daidaita kusurwa, wato tsarin da ke miƙar da gefunan hoto idan majigin ya karkata ga bango har hoton ya buɗe a sama ya tsuke a ƙasa. Abin da ba ta iya yi shi ne canza abin da aka ƙera. Gilashin da ke da ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye yana da ɗigo 921,600, yayin da hoton 4K na gaskiya yake da 8,294,400, ninki tara ke nan, kuma rubutun 4K da ake gani a jikin kwali yana nufin na'urar za ta iya karanta irin wannan fim ta rage shi zuwa girman gilashinta, ba wai za ta nuna shi yadda yake ba. Haka nan hasken fitila ba ya ƙaruwa da manhaja. Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne dishi-dishin hoton Netflix, wanda sababinsa tsarin kare haƙƙin mallaka ne na Google mai suna Widevine: na'urar da ke da matakin L1 ce ake ba hoto mai tsabta, galibin masu araha kuwa a matakin L3 suke, inda ake taƙaita ingancin hoton, kuma duk fayil ɗin da aka ce zai ɗaga na'ura daga wannan mataki zuwa wancan abin tuhuma ne.

Aiki mafi muhimmanci, wanda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne tantance ainihin na'urar da ke hannu. Sunan da ke jikin majigi mai araha ba shaida ba ce ta abin da ke cikinsa, domin masana'antu da dama a kudancin Sin suna ƙera gangar jiki iri ɗaya, 'yan kasuwa daban-daban su saya su buga tambarinsu, sannan masana'anta ɗaya ma tana iya canza sassa daga wannan zubi zuwa wancan gwargwadon abin da ya yi sauƙi a kasuwa a lokacin. Saboda haka majigi biyu masu suna ɗaya, da launi ɗaya, da rimot iri ɗaya, suna iya bambanta a gilashin LCD, ko a ɗan guntun da ke kula da Wi-Fi, ko ma a ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne. Manhajar tushe kuwa tana ɗauke da umarnin da aka rubuta domin takamaiman sassa, shi ya sa idan aka ɗora wadda ba ta dace ba ake ganin abubuwan da suka saba faruwa: hoto ya juye ƙasa a sama ko ya fito kamar a madubi har rubutu ya koma daga dama zuwa hagu, launuka su rikice, Wi-Fi ya ɓace daga jerin saituna, rimot ya daina amsawa, ko fitila ta kama amma bango ya kasance babu komai sai farin haske. Mafi muni shi ne fanka ta ƙi juyawa, domin zafin fitilar yana ƙona gilashin da ledojin tace haske da ke manne da shi, ya bar tabo rawaya ko ruwan kasa a tsakiyar hoto wanda ba ya gogewa.

Hanyar tantancewa tana farawa daga shafin saituna, a sashen da aka rubuta About, inda ake samun lambar samfuri, da sigar Android, da wani dogon layi na haruffa da lambobi da ake kira lambar gini, wanda sau da yawa yakan ƙunshi ranar da aka haɗa manhajar, shekara da wata da rana a jere. Sai a ɗauki hoton wannan shafi da waya, a ɗauki na takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar, a ajiye su, domin da zarar an sabunta tsohuwar lambar ta tafi, kuma ita ce mai sayarwa ko mai gyara zai fara tambaya idan abu ya ɓaci. Ƙwararru sukan kwance murfi su karanta lambar da aka buga a jikin fanel, kuma ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi, sai dai kwancewar tana soke garanti idan akwai shi, tana kuma buɗe wa ƙura hanya zuwa ga gilashi, inda 'yar ƙwayar ƙura ɗaya ke fitowa a bango kamar baƙin ɗigo babba. Ba aikin da za a yi a tsakar gida cikin hazon hunturu ba ne.

Daga nan sai neman fayil ɗin. Wurin da ya fi dacewa shi ne wajen kamfanin da tambarinsa ke jikin na'urar ko shagon da aka saya, a aika musu da hotunan nan biyu tare da bayanin matsalar, su aiko da wanda ya dace da wannan zubin. Fayilolin da ke yawo a intanet da sunan samfuri kawai, ba tare da lambar gini ko ta fanel ba, su ne tushen yawancin asarar da ake yi. Baya ga rashin dacewa, akwai batun tsaro wanda ba na wasa ba ne: a shekarar 2023 masu bincike suka bankaɗo wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna BADBOX, wadda ake samu a cikin na'urorin Android masu araha tun daga kwali, sannan a watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan sabon salonta, ta kuma ambaci majigi a cikin na'urorin da abin ya shafa. Irin wannan manhaja tana amfani da intanet ɗin mai gida wajen ayyukan damfara ba tare da saninsa ba, kuma tun da a tushe take zaune, mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta ba ya kawar da ita. Wannan ya isa dalilin ƙin shigar da babban asusun Google, wanda ke haɗe da imel da harkokin banki, a cikin majigin da ba a san asalinsa ba, ko an sabunta shi ko ba a sabunta ba.

Fayil ɗin majigi mai Android yakan kai ɗaruruwan megabait, wani lokaci ya haura gigabait 1, don haka ana sauke shi ne a inda sabis yake da ƙarfi da kuma isasshen data, tun da saukewar da ta yanke a hanya tana iya barin fayil mai kama da cikakke alhali guntu ne. A gwada girmansa da wanda mai aikowa ya faɗa. Idan an bayar da lambar tantancewa irin ta MD5 ko SHA-256, wato jerin haruffa da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil ta yadda ko ɗigo ɗaya ya canza lambar za ta canza, sai a lissafa ta a kwamfuta a kwatanta; a Windows umarnin certutil yana yin wannan ba sai an sauke wata manhaja ba.

Shirin da ya rage na wuta ne da na filas, kuma na wutar ya fi nauyi a inda lantarki ba shi da tabbas, kamar yadda yake a yawancin garuruwan Najeriya da Nijar. Galibin waɗannan majigi ba su da batir, a lokacin sabuntawa kuwa na'urar tana goge tsohuwar manhaja ne tana rubuta sabuwa a gurbinta, ta yadda idan aka ɗauke wuta a tsakiya za a wayi gari tsohuwar ta tafi, sabuwar ba ta kammala ba. Google ta kawo wani tsari tun a Android 7.0, a shekarar 2016, wanda ke rubuta sabuwar manhaja a wani gurbi na daban ya bar tsohuwar har sai an tabbatar sabuwar ta tashi, amma bai kamata a ɗauka cewa na'ura mai araha tana da wannan kariya ba, kuma ko tana da ita ba ta aiki idan ta kwamfuta aka bi. Abin da ya dace shi ne a jona majigin a inbata ko UPS mai cikakken caji, kuma ƙarami ma ya wadatar tun da wutar da irin wannan na'ura ke ja ba ta cika kaiwa wat 100 ba. Ƙaramin janareta ba madadi ba ne mai kyau, domin ƙarfinsa yana hawa da sauka idan an kunna wani abu mai nauyi, ga kuma yiwuwar mai ya ƙare. A duba soket ɗin ma, kada ya kasance mai sako-sako wanda motsi kaɗan ke yanke shi, a kuma ajiye majigin a kan tebur inda kafofin iskarsa suke a buɗe, ba a kan katifa ko darduma ba.

Filas ɗin da ya fi dacewa shi ne ƙarami, daga gigabait 4 zuwa 32, wanda aka kwashe abin da ke cikinsa aka tsara shi a tsarin FAT32, domin ɗan shirin da ke karanta filas a lokacin tashin na'ura sau da yawa bai san sababbin tsare-tsare irin su exFAT da NTFS ba. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, amma manhajar irin wannan majigi ba ta cika kaiwa nan ba. Ana ajiye fayil ɗin a farfajiyar filas, wato wurin da ake fara gani idan an buɗe shi, ba a cikin wata folda ba, sai fa idan umarnin da ya zo da fayil ɗin ya ambaci folda da sunanta. Sunan fayil ɗin ma ba a taɓa shi, tun da na'urar takamaiman suna take nema: masu Android da yawa suna neman update.zip, waɗanda ke da ƙwaƙwalwar MStar, kamfanin Taiwan da ya koma ƙarƙashin MediaTek, su kuwa sukan nemi MstarUpgrade.bin. A nan ake tafka ƙananan kurakurai biyu masu cin lokaci. Na farko, idan an sauke fayil sau biyu kwamfuta takan ƙara lamba a ƙarshen sunan na biyun, na'urar kuwa ta wuce shi kamar babu. Na biyu, Windows yakan ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai mutum ya ga update kawai ya ƙara masa zip da hannunsa, ainihin sunan ya koma update.zip.zip. Haka kuma a rarrabe tsakanin ƙunshin waje, wanda ake warwarewa domin a fito da takardar umarni da fayil ɗin, da update.zip na ciki, wanda ake kwafa a ɗaure yadda yake.

Hanyoyin ɗora manhajar uku ne, kuma ana bin su ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ta farko ita ce ta intanet kai tsaye, inda ake shiga saituna a zaɓi System update, na'urar ta tuntuɓi rumbun masana'anta ta sauko da abin da aka ware wa samfurinta. Ita ce mafi aminci domin zaɓin fayil ba ya hannun mutum, sai dai yawancin masu araha amsar da suke bayarwa ita ce babu sabon abu, ko da shekara ta zagayo. Ta biyu ita ce ta filas. A wasu na'urori ana soka filas ɗin majigin yana kunne, a zaɓi Local update, a nuna fayil ɗin, a amince. A wasu kuma ana zare wuta gaba ɗaya, a soka filas, a danne makunni ko wani ɗan maɓalli da ke ɓoye a cikin ƙaramin rami da tsinke, a mayar da wuta ana danne da shi har sai alamar aiki ta bayyana. Idan kafofin USB biyu ne, mai yiwuwa ɗaya ce kawai ke karɓar sabuntawa, don haka rashin amsa a ɗaya ba ya nufin fayil ɗin ne ya lalace.

Abin da ake gani bayan haka kusan iri ɗaya ne. Hoto yakan ɗauke, sannan wani layi ya bayyana a bango yana cika a hankali, a wasu kuma ba a ganin komai sai 'yar fitilar makunni tana ƙyaftawa ko tana sauya launi. Layin yakan tsaya cik a wuri ɗaya na tsawon mintuna, kuma a daidai nan ne haƙuri ke ƙare wa mutane su zare wuta, alhali na'urar tana rubuta sashe mafi girma ne. Ba a taɓa rimot, ba a girgiza filas. Idan ta gama takan sake tashi da kanta, kuma tashin farko yana daɗewa a kan tambari fiye da yadda aka saba, domin Android yana sake shirya manhajojinsa. A na'urorin da ke fara sabuntawa da kansu idan sun ga fayil, a zare filas ɗin da zarar shafin farko ya fito, a goge fayil ɗin daga cikinsa, in ba haka ba aikin zai sake farawa a kunnawa ta gaba. Idan kuwa saƙo ya fito cewa tantance sa hannu bai yi nasara ba, ma'anarsa na'urar ta duba hatimin lantarkin da ke jikin fayil ɗin ta ga bai dace da nata ba, ta ƙi karɓa kafin ta goge komai. Wannan kariya ce, kuma neman dabarar tsallake ta kuskure ne.

Da zarar ta tashi, a koma About a tabbatar lambar gini ta canza, sannan a kasa kunne a ji ƙarar fanka, a kai hannu kusa da kafar iska a ji ɗumi yana fita. Idan shiru ne, a kashe nan take. Bayan haka a gwada rimot maɓalli bayan maɓalli, da Wi-Fi, da Bluetooth, da HDMI, da sauti, a ƙarshe kuma matsalar da ta sa aka yi aikin. Idan an ga wasu manhajoji suna rufe kansu, mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta yakan warware rikicin da ke tsakanin tsofaffin saituna da sabuwar manhaja, sai dai yana share asusu da kalmomin sirri da duk abin da aka sauke, saboda haka ake kwashe abin da ake bukata tun kafin a fara. Ya kamata a sani kuma cewa komawa tsohuwar manhaja ba ya yiwuwa ta hanyar filas a na'urori da yawa, domin sukan ƙi fayil ɗin da ya girmi wanda ke cikinsu.

Hanya ta uku, ta kwamfuta, ita ce wadda masu gyaran waya ke kira filashin, kuma an fi ajiye ta domin na'urar da ta maƙale a kan tambari, ko take ta kunna kanta tana kashewa, ko ta ƙi tashi sam. Abin da ya sa take yiwuwa shi ne a cikin ƙwaƙwalwar kanta akwai ɗan shiri da aka ƙera tare da ita, wanda ba ya goguwa, kuma yana iya karɓar manhaja ta USB ko da ma'adanar babu komai. A ƙwaƙwalwar Allwinner ana kiran wannan yanayi FEL, a ta kamfanin Rockchip kuma Maskrom. Kowane kamfani da manhajar kwamfutarsa: PhoenixSuit ta Allwinner, RKDevTool ta Rockchip, USB Burning Tool ta Amlogic, kuma ba a musanya su. Ana bukatar kwamfuta mai Windows da aka ɗora wa direban na'urar, da kebul mai kan USB babba a duka ɓangarori biyu, da cikakken fayil wanda sunansa kan ƙare da img, wanda ya bambanta da update.zip ta yadda yake share ma'adanar baki ɗaya ya sake rubuta ta daga farko. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir ta fi ta tebur a wannan aiki, saboda dalilin wutar da aka ambata. Tun da wannan hanya ba ta yin binciken dacewa irin wanda hanyar filas ke yi, duk abin da aka ba ta za ta rubuta, kuma a nan ne lambar fanel ke zama tilas.

Wanda bai saba da wannan ba, gara ya kai wa mai gyara, kuma a manyan kasuwannin waya irin ta Farm Centre a Kano akwai waɗanda filashin ɗin na'urorin Android sana'arsu ce. Ya tafi da hoton shafin About, da hoton takardar ƙarƙashin na'ura, da fayil ɗin da aka yi amfani da shi, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya faru, ko wuta aka ɗauke ko fayil ɗin wani samfuri aka ɗora, domin maganin kowanne daban ne: na farko yana bukatar a sake rubuta manhajar da ta dace har ƙarshe, na biyu kuwa sai an fara nemo wadda ta dace. Kafin a biya kuɗin aiki, a tambayi mai gyaran ko yana da fayil ɗin da ya yi daidai da lambar fanel ɗin, a kuma kwatanta kuɗin da ya yanka da farashin sabon majigi irinsa, tun da a wannan rukuni na kaya tazarar da ke tsakanin su biyun ba ta da yawa.